Ɗan Boko Ya Je Tattaki a Ƙasar Yawuri

A ƙasar Yawuri ba a tafiyar ƙafa haka siddan. Duk wanda ka gani ya miƙi hanya, ko dai gona za shi, ko kasuwa, ko bakin ruwa, ko gaisuwar mutuwa. In ba ɗaya daga cikinsu, sai a fara tambayar danginsa ko lafiya yake. Ni kuwa wani likita ne a Kaduna ya auna jinina, ya kalli tumbina, ya ce in ban fara tattaki ba akwai magana. Dama na sha ganin hotunan 'yan Abuja a Facebook, manyan ma'aikata da ke sammakon Asabar su hau duwatsu, har kuɗi suke biya a yi musu jagora. Na ce ni da nake da ƙasar kakanni mai kogi da tabki, me zai kai ni biyan kuɗi? Na sayi farin kambas, da jakar goyo, da sandar ƙarfe mai naɗewa, da agogon hannu mai ƙirga taku. Hutu na zuwa na sauka gidan kawuna a Yelwa, ana tsakiyar bazara.

Kawu ya ɗauki sandar ya jujjuya ta. "Wagga ta makafi ce?" Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce zan fara da hanyar masu tumbi, in wuce ta matsakaita, in ƙare da ta gwanaye. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mai shirin ƙara aure addu'a.

Hanyar masu tumbi ita ce daga ƙofar gida zuwa bakin ruwa, shimfiɗaɗɗiya, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa tana yin ta. Matsalarta ɗaya, 'yan kabu-kabu. Ban fita unguwa ba na farko ya taka birki a gabana.

"Alhaji, mota ta mutu?"

"Motsa jiki nake yi."

"To hau in kai ka inda ake motsawa."

Na ƙi. Na biyu ya rage kuɗi, na uku ya ce in hau don Allah, kyauta, ai kowa yana shiga wani hali. Daga nan labari ya riga ni komawa gida: an kori ɗan gidan wane daga aiki, an gan shi yana yawo da sanda, mota ma an karɓe. Da dare matar kawu ta kira ni gefe, ta kwance bakin zane ta danƙa mini naira 1,000, ta ce, "Kada ka gaya wa kawunka, arziki na Allah ne." Na karɓa, don musu da Inna rashin kunya ne.

Bakin ruwan kansa shi ya ƙarasa rushe shirin. Jiragen katako na sauke buhunan albasa daga tsibiran Gungawa, ga warangi an baza yana bushewa a rana, ƙananan kifayen nan masu ƙyalli da ake awo da kwano. Wata mai suya ta tsamo ƙarfasa daga mai, tana ƙara, ta barbaɗa yaji ta miƙo mini a takarda ba tare da na tambaya ba. Likita bai ce komai a kan kifi ba. Na ci, na ƙara da tarwaɗa, na koma gida a kan babur ɗin wancan na farko, bai ce uffan ba, sai dai ina ganin haƙoransa ta madubi.

Hanyar matsakaita na zaɓe ta ne don tarihi. Bin Yawuri, tsohuwar fadar masarauta, tana da nisan kilomita 14 daga Yelwa, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kuma sai a 1888 Yelwa ta zama mazaunin sarki. A tsohon birnin ne 'yan'uwan nan biyu Turawan Ingila, Richard da John Lander, suka yi makonni a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, wanda ya wuce ta Yawuri cikin jirgi ya je ya halaka a Busa a 1806. Na ce in dai Turawa sun iso nan ba kambas, ni me zai hana ni?

Rana ce ta hana ni. Kafin hantsi ya dubi ludayi na shanye ruwan jaka, rigata ta manne da baya. Ina zaune gindin wata bishiya ina haki sai ga wata dattijuwa Bakambara, ƙafa ba takalmi, ta ɗora daurin itace a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Ta gaishe ni ba ta rage sauri ba. Na tashi na ce ai abin kunya ne, na bi ta da sanda ina dogarawa. Tazara sai ƙaruwa take, har ta zama ɗigo, ta ɓace. Can ina hutu na gaba sai ga ta ta dawo, ta sayar da itacen, ta sayo gishiri. Ta dube ni ta ce, "Har yanzu kana nan?"

Ban kai ga ganin ragowar ganuwar tsohon birnin ba, 'yan banga suka tare ni. Kuma gaskiya da gaskiyarsu. Yankin ya ga tashin hankali a 'yan shekarun nan, duk baƙon ido mai jaka a baya dole a tambaye shi. Babbansu, wani mai bindigar toka da layu har wuya, ya ce, "Malam, mi kaka biɗa?" Na ce ba komai, tafiya kawai. Suka kalli juna. Ya ce daga ina zuwa ina? Na ce daga Yelwa zuwa inda na gaji. Suka gyara tsayuwa. Don in wanke kaina sai na nuna musu agogo, na ce ga shi, taku nake ƙirgawa.

"Taku? Daga Yelwa zuwa garinmu? Wa za ka kai wa lissafin?"

Aka zazzage jaka: gorar ruwa babu ruwa, biskit, man shafawa na ciwon gaɓoɓi. Aka buɗe sanda aka leƙa cikinta. Da ƙyar aka yarda aka kira kawu a waya, aka sa kowa na ji. Kawu ya bari sai da suka gama bayani tsaf, sannan ya ce, "Ku sake shi, ba mugu ba ne. Boko ce ta yi mishi yawa." Babban ya ba ni ruwan randa, ya sa yaronsa ya mayar da ni a babur, ya kuma yi mini addu'ar samun sauƙi.

Mai hankali da nan ya tsaya. Kawu ma ya ce in ina son wahala, akwai gonarsa ta wajen Shanga da ke jiran sassabe, taku sai na gaji da ƙirgawa. Na ce saura hanyar gwanaye. Na shiga mota zuwa Wara, hedikwatar Ngaski, inda Tabkin Kainji ya buɗe har ido ba ya kai wa ƙarshensa.

A nan na samu wani tsohon masunci yana ɗinkin koma, na tambaye shi kyakkyawar hanyar ƙafa. Ya nuna tsakiyar ruwa da allurarsa. Ya ce can take, wadda suka bi suna yara. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye ta tare da garuruwa da gonaki, da tsohuwar Busa, da mafi yawan tsibirin Foge, aka tashi mutum wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Ya ce abin da ya rage sai gaɓa, ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Da sanyi baƙin ruwa yakan iso daga ƙasar Gini tabki ya cika, da bazara ana ta sakin ruwa don wutar lantarki, sai ya ja da baya, zurfinsa ya ragu da kusan mita 10, manoma su bi sawunsa da shuka. "In za ka bi gaɓa, bi inda shanu suka taka," in ji shi. "Inda ka ga ƙasa ta yi sumul, bar ta."

Inda shanu suka taka duk kashi ne da ramukan kofato, ni kuma kambas ɗina fari ne. Ga fili can sumul, ya bushe har ya tsattsage. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya, na uku ƙasa ta buɗe baki na nutse har gwiwa. Na kafa sanda don in fito, ta naɗe kanta yadda aka ƙera ta, na zauna daɓas. Ina cikin kokawa na hango wasu manyan sawu a laka, kowane ya kai faɗin akushi, da yatsu huɗu. Na san Yawuri da dorina, na kuma san ba ta wasa. Ihun da na yi, ni kaina ban san ina da shi ba.

Yara uku suka zo da gorar tuƙa jirgi, suna dariya har suna riƙe ciki. Suka ce sawun na daren jiya ne, da rana tana cikin ruwa. Suka miƙo gora suka ja, na fito da ƙafa biyu da takalmi ɗaya. Ƙaramin cikinsu ya zura hannu har kafaɗa ya lalubo, bai samu ba, sai ya ce tunda ɗayan ba shi da amfani a wurina, ko zan bar masa? Agogo kuwa duk kokawar nan ya ƙirga ta a taku, har ya yi ƙara ya taya ni murnar cika burin ranar.

Mai karatu, in kana da niyyar tattaki a Yawuri, hanyoyi na nan daidai ƙarfin kowa, kuma ba a biyan ko sisi. Ka fita bayan sallar asuba ka dawo kafin hantsi. Ka tafi da ɗan gari, ka gaida mai unguwa kafin ka ratsa masa ƙauye. Ka saɓa fartanya ko ka riƙe kwando don mutane su samu kwanciyar hankali, kuma duk wanda ya tambaye ka ina zuwa, ka ce gaisuwa za ka.