Ragon da Ya Ƙi Shiga Gida

A Yamai ba a cin gasasshen naman layya ranar da aka yanka. Ana saukowa daga Idi sai a yanka, a feɗe, a baje ragon a kan sanduna biyu da aka giciye, a jera raguna kewaye da wuta a bakin titi su wuni suna shan zafi har dare. Ranar sai dai a ci kayan cikin da mata suka soya, rabon nama kuma sai washegari. Daga Bukoki zuwa Yantala, har ka ƙetare gadar Kennedy ka shiga Harobanda, ba abin da kake shaƙa sai hayaƙi da kitse.

A layinmu gidaje ke haɗa wuta ɗaya, su ɗauko mahauci ɗaya. A Sallar 2025 na fice daga wannan haɗakar. Gardama ce ta ɓarke a fadarmu ta shayi, wani ya ce mazan birni ko kaza ba su iya figewa ba. Na ce ni jikan manoman ƙasar Maraɗi ne, bana abincin Sallar gidana tun daga tushe zan yi shi da hannuna: ba mahauci, ba injin niƙa, ba dunƙulen miya na kanti. Da na faɗa wa uwargida sai ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Ta shige ɗaki, na jiyo ta tana kiran yayarta a waya.

Da daddawa na fara. Na auno kalwa a kasuwar Katako, na wuni ina dafa ta, na surfe, na wanke, na sake dafawa, na rufe ta a kwando a bayan ɗaki, don daddawa sai ta yi kamar kwana uku a lulluɓe kafin ta nuna. Ta kuwa nuna. Maƙwabcina ya yi sallama yana toshe hanci da gefen rawani, ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko wani abu ya mutu muku a gida?" Mai gidan da muke haya kuma ya aiko yaro ya duba ko masai ce ta cika.

A shekarar gwamnati ta hana fitar da dabbobi ƙasashen waje gabanin Sallah don farashi ya sauko. Dillalin da na tarar a kasuwar Turaku da alama labarin bai iso gare shi ba. Na shafa wani farin Balami mai tsayi, ya faɗi kuɗinsa, na janye hannuna a hankali. Na dawo gida da wani ɗan Uda, gabansa baƙi bayansa fari, wanda tun a hanya yake mini kallon raini.

Yanka dai ya tafi lafiya lau. Fiɗa ce ta zo da magana. Tun ina yaro na sha ganin yadda ake yi: a ɗan tsaga fatar ƙafar baya, a zura siririyar sanda a buɗe hanya, a kafa baki a hura har ragon ya kumbura, fata ta rabu da tsoka. Na durƙusa na kafa baki. Na hura har jijiyar wuyana ta miƙe, na hura har na fara ganin taurari da hantsi. Rago ko gezau. Wata 'yar maƙwabta da ke tsugune tana kallo ta ce, "Baba, ai iskar ta nan take fita," ta nuna wata ɓula da wuƙata ta yi a cinya. A tsallaken titi kuwa mahauci ya riga ya rataye na huɗu. Da na gama, yaran da ke tattara fatun layya suka ɗaga tawa sama, suka leƙo ni ta cikinta, ɗaya ya ce wannan ai rariya ce.

Wajen ciro hanta maɗaciya ta fashe. Na ɗauraye, na soya da albasar Galmi da yajin da na daka da kaina, citta da kanumfari da masoro da kimba. Surukata, wadda ta iso da safe, ta ɗanɗana guda. Tsakaninmu akwai kunya, don haka ba ta dube ni ba. Ta juya ga 'yarta ta ce, "Ki gaya wa maigidanki an gode. Wannan hantar za ta yi wa mai shawara amfani."

Batun shinkafar masa da na daka a turmi, mata na leƙowa ta katanga har wata ta rangaɗa guɗa, bari mu wuce shi.

Wutata na hura ni kaɗai a ƙofar gida, nesa da tasu. Na kafa ragon a yashi ya karkace, na gyara ya karkace ɗaya gefen, na tokare shi da bulo. Wajen la'asar gabas ta yi ja. Duk ɗan Yamai ya san hadarin farkon damina ƙura yake turowa gaba kafin ruwa. Mutanen haɗaka suka yi maza suka kakkafa langa-langa suka kare wutarsu. Iska ta farko ta kifa ragona cikin toka. Na sungume shi da sandunansa na nufi gida a guje, sai ga shi sandunan sun fi ƙofar faɗi. Na juya shi ta gefe, ƙafa ta maƙale a sama. Na ja baya, rigar Sallata ta kama ƙusa. Haka na tsaya rungume da rago mai zafi, rabi ƙonanne rabi ɗanye, yashi na shiga mini baki, yara na ihu, "Ya ƙi shiga! Ya ƙi shiga!"

Dattijon layinmu ne ya tako da samari biyu. Ya ce, "Malam, kawo mu riƙe maka." Suka tafi da shi cikin da'irarsu, ba wanda ya ƙara ko kalma.

Da dare aka ci masa da miyar taushe a gidana har baƙi na sa albarka. Ƙullun da na haɗa yana nan a bayan ƙofa ba a taɓa shi ba, kwanukan kuma na gane na yayar uwargida ne, amma na karɓi yabon, tun da miyar da daddawata aka gyara ta. Surukata ma ƙulle ragowar daddawar ta yi a ɗankwali ta sa a jaka. Wannan nake so 'yan fada su rubuta.

Washegari da sassafe mahauci ya kawo ragon a tire, ya karkare toka, ya yanke ƙuna. Na ce ai ban ɗauke shi aiki ba. Ya ce haka ne, shi ya sa ma kuɗin ya ninka: fiɗa daban, gyaran abin da wani ya feɗe daban. Muna cikin ciniki ya tambaye ni ko da gatari na yi aikin.