Na Tsallaka Teku Na Je Kallon Kuka

Ni dai tun ina yaro ba na son bin ayari. In kowa ya yi gabas sai raina ya raya min yamma, don kawai a ce wane daban yake. Saboda haka da wani taro ya kai mu Kolombo, a ƙasar Siri Lanka, aka tashi aka ba mu 'yan kwanakin shan iska, na riga na san ba zan bi abokan tafiyata ba. Sun shirya hawan dutsen Sigiriya, inda Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a ƙarni na 5, daga nan su wuce Kandi da gonakin shayin Nuwara Eliya. Na dube su a sheƙe na ce wannan ai yawon 'yan koyo ne, ni inda ba a zuwa zan je. Har da gyara karin hula.

Na zaɓi tsibirin Mannar, can arewa maso yamma, daura da Indiya. Na karanta cewa akwai ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1560, 'yan Holan suka ƙwace a 1658. Akwai kuma jerin tudun yashi a cikin teku da ake kira Gadar Adamu. Jirgin ƙasa ma sai a 2015 ya koma zuwa can, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 2009. Abin da ya ƙarasa ni shi ne labarin wata bishiyar al'ajabi mai shekara sama da 700. Ban tsaya duba hotonta ba, mai ilimi irina ai ba ya buƙatar hoto.

Jirgi ya bar Kolombo cikin kwakwa da gonakin shinkafa kore shar. Muna wuce Anuradhapura sai ƙasa ta fara bushewa. Ƙaya ta bayyana, rana ta buɗe, can sai ga giginya jere reras. Na ji gabana ya ɗan faɗi, amma na dake. Da na sauka, wanda ya fara tarbata jaki ne. Na waiga, ga wani a bakin shago, ga uku kwance a tsakiyar titi motoci na kauce musu. An ce kakanninsu fatake Larabawa ne suka kawo su, yanzu yawancinsu ba su da ubangida, garin nasu ne.

Mai adaidaita sahun da na ɗauka, Batamile mai fara'a, ya yi ta kuranta bishiyar da ɗan Turancinsa har muka isa Pallimunai. Ya kashe inji, ya nuna da hannu biyu. Jama'a, kuka ce. Kuka dai da kuka sani, ta miya. Ba zan ci haƙƙinta ba, ƙatuwa ce, kewayen gindinta ya kai mita 19 da rabi, kuma ita ma an ce Larabawa ne suka kawo irinta. Amma kuka ce. Wasu Turawa biyu, mata da miji, suna shafa ta suna lumshe ido. Don kada a ce ban ce komai ba, na tambayi direba ko suna daka ganyen. Ya ce ganyen me? Na yi masa bayanin miyar kuka da tuwon dawa, har da kwalba da nono, ina kwatance da hannu. Ya kalle ni da tausayi, ya tambaya ko na karya kumallo.

Na tsaya na sa ya ɗauke ni hoto, na tura zauren danginmu na WhatsApp, na rubuta a ƙasa: "Gaisuwa daga Tekun Indiya." Ko minti biyar ba a yi ba sai ga muryar Gwaggo: "Au, ashe kana ƙauye ka ce mana ka hau jirgin sama? To ka leƙa ka gaida Baffanka, ƙafar nan ta sake tayar masa." Yaya ya ƙara da cewa in taho da garin kuka mudu biyu. Uwargida ba ta rubuta komai ba, kira ta yi, ban ɗauka ba.

A nan ne girman kai, rawanin tsiya, ya ce in rama a kan jaki. Wani jaki ya matso yana sunsunar jakar Baturiyar, ta tsorata. Na ce su kwantar da hankali, mu da jaki tun kaka da kakanni, kakana da su ya yi fataucin goro. Na naɗe hannun babbar riga, na yi masa tsaki irin na masu jakai, na dafa gadon bayansa zan haye. Abin da ban lissafa ba, wannan jakin bai taɓa ganin akumari ba, balle mangala, ni kuma rabona da hawa jaki tun ina firamare. Ƙafata ɗaya na sama ya zille, ya juyo ya sakar min harbi a cinya. Na tafi da baya na zauna daɓas kamar buhun gero ya faɗo daga amalanke, kuma ba a kan ƙasa tsura na zauna ba, wani ɗan uwansa ya riga ya ajiye saƙo a wurin. Wando ya yage, hula ta gangara, jakin ya bi ta ya ɗanɗana. Baturen ya tambaye ni cikin ladabi ko haka ake yi a ƙasarmu. Na ce eh, gaisuwa ce.

Direba ya shimfiɗa jarida a kujera kafin ya yarda in zauna. Ganuwar Fotugal daga cikin keke na hango ta, Gadar Adamu kuwa cinyata ta ce a kai kasuwa.

Mannar dai wuri ne na zuwa, musamman daga Disamba zuwa Maris, lokacin da tsuntsayen filamingo ke sauka a fadamar Vankalai. In Allah ya kai ka, ɗan uwa, ka tsaya inda teku zai fito a bayanka kafin ka tura hoto gida, kuma ka bar jakan mutane su yi kiwonsu.