Wai Mai Baiwa Ba Ya Soke Layi?

Na ji ku, jama'a. Kun ce marubucin da Allah ya yi wa baiwa zama ɗaya yake yi ya zubo littafi, gyara kuwa aikin waɗanda suka shigo harkar da ƙarfin hali ne. Madalla. Ku gyara zama, Malam mai baiwa, in tambaye ku labarin wani ɗan saurayi.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman wanda zai rubuta ƙagaggen labari da boko. Cikin waɗanda suka amsa har da wani malamin Midil ta Katsina mai shekara 22, Abubakar Imam. Ruwan Bagaja ke nan, littafinsa na fari. Sai da ya ratsa hannun edita kafin a buga shi a 1934, tare da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da aka zo Magana Jari Ce ma, tattara kayansa ya yi a 1936 ya tare a Zariya wata da watanni, yana rubutu East na dubawa. Kanawa ku yi haƙuri, na san da ciwo a ce Zagezagi ne suka karɓi baƙuncin gyaran Hausa, amma haka tarihin ya zo. To, ranka ya daɗe, kai da ba a taɓa maka layi, ka fi Imam ke nan? Faɗa mana mu kawo maka rawani.

Na san abin da za ku ce: ai mun gyara, mun sa wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu, mun raba "ya ce" gida biyu. Sannunku da aiki. Wannan shara ce a tsakar gida alhali katanga ta tsage. Gyaran gaske yana farawa ne ranar da kika gano, Hajiya, cewa uwar jarumarki ta rasu a shafi na 30, an yi sadakar uku an watse, sai ga ta a shafi na 140 tana kwashe tuwo tana yi wa kishiya habaici. Saurayin da ya shigo labari yana Aminu ya fita yana Auwalu, ba a yanka masa rago ba. Tsohon da aka ce bai taɓa barin Sakkwato ba ya buɗe baki yana zuba Kananci tsantsa. Waɗannan ma masu sauƙi ne, ido ke kama su.

Mai wuyar shi ne abin da kake so. Shafi uku ka ɓata kana siffanta falon Alhaji, daga labule zuwa ƙafar kujera, har ka tsaya ka karanta wa kanka sau biyu don daɗi. Mai karatu kuwa tuni ya tsallake yana neman inda za a yi magana. Da aka zo maganar, gaisuwa ce: an kwana lafiya, ya gida, ya yara, ya gajiyar jiya, har shafi ya cika ba wanda ya faɗi abin da ya kawo shi. A zaure wannan ladabi ne. A takarda, barci ne. Kuma sau da yawa labarin farko ba ya tashi sai a babi na huɗu, ukun farko marubucin ne ke share murya. Soke su, in ka isa. Nan ake gane jarumi.

Wani daga baya can yana ɗaga hannu: ai marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 ba su jira edita ba, kuma an saye. Gaskiyarka, an saye, har an yi rububi. Amma su da aljihunsu suka buga, galibi kashi-kashi, kuɗin na ɗaya ya fitar da na biyu. Wanda ya riga ya kai na ɗaya kasuwa ba shi da hanyar komawa ya ta da wanda ya kashe da wuri. Uzurinsu ke nan. Kai da rubutunka ke kwance a waya, sokewa ba ta cin ko kwabo, mene ne naka? Masu sakin shafi kowane dare a WhatsApp da Wattpad ma tarkon ɗaya ne: ana ta "a ci gaba, Anti", kina ci gaba, ramin da kika bari a babi na biyu yana nan yana jiranki a na arba'in.

In ka gama rubutun, ajiye shi wata guda, har ka manta yadda jimlolin suka zo. Sannan ka karanta da ƙarfi, a tsaye. Duk inda numfashi ya yanke ko harshe ya sarƙe, akwai magana a wurin. Daga nan ka ba wanda ba ya jin kunyarka. Ban da ƙanwarka, ban da wanda kake bi bashi, ban da Inna, wadda za ta sa albarka tun ba ta buɗe ba.

Har yanzu kuna girgiza kai? To ku turo rubutun farkon yadda yake, kada ku taɓa ko waƙafi. Zan karanta shi a majalisa bayan la'asar, kuna zaune, kuma kuɗin shayin ranar a kanku yake.