Mu da Jak a Ƙofar Gida

Mu a unguwar nan, duk wanda ya mallaki mota rabin bakanike ne. Safiyar Asabar za ka ga an jera su a ƙofar gida: wannan yana juye baƙin mai, wancan yana duba birki, wani kuma salansa ce ta sako masa yana neman wayar ɗaure ta. Maƙwabci ya ara maka sifana, mai shayi ya aiko da kofi, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ma sai ya tsuguna ya ba da shawara. Kuɗin gareji ya yi tsada, kuma abin yabo ne mutum ya san cikin motarsa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda muke shiga ƙarƙashinta. Mu ɗauko jak ɗin nan mai kama da almakashi da ya zo a but, mu murza shi har taya ta bar ƙasa, mu shimfiɗa kwali, sai ciki. An yi wannan jak ne don canza taya a bakin hanya, aikin 'yan mintuna wanda ba a sa ko hannu a ƙarƙashi. Corolla ta haura kilo 1,100, wato ta fi buhun siminti 22, Sienna kuwa ta kusa tan 2. Idan nauyin nan ya sauka a ƙirjin mutum numfashi yake tsayawa, ko ihun neman taimako ba zai iya ba, mu kuma muna zaune a kan benci taku biyar daga wurin.

Wasunmu sun ce ai nasu mai kwalba ne, na mai, irin na manyan motoci. Yana da ƙarfi, gaskiya ne. Amma wata 'yar roba ce a cikinsa take riƙe man, kuma roba tana tsufa. Wani ya riƙa sauka a hankali ba ka sani ba, wani ya saki gaba ɗaya. Aikin jak ɗagawa ne kawai. Riƙewa aikin ƙafafun ƙarfen nan ne masu haƙora, da ake rubuta tan 2 ko tan 3 a jikinsu, kuma ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Sai batun bulo. Wallahi son da muke wa bulo ya yi yawa. Ko'ina akwai gini, sai a aiki yaro ya ɗauko biyu a ɗora. Bulon siminti cikinsa rami ne, an yi shi don nauyi ya bazu a kansa cikin bango, ba don ƙarfe ya danna shi a wuri ɗaya ba. Ba ya lanƙwasa balle ka gani ka fito, rugujewa yake yi nan take. Guntun katako mai kauri, marar tsagewa, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon direban babbar mota, wanda ba ya iya ganin irin wannan ya wuce. In ya ga ƙafafu sun leƙo daga ƙarƙashin mota sai ya tsaya.

"Yaro, fito tukuna."

"Baba, noti ɗaya ne ya rage."

"Na ji. Fito. Ina waigi?"

Shi zai nemo dutse ya tokare tayar da ke ɗaya kusurwar, gaba da baya. Ya ce a ja birkin hannu a sa giya, ya kuma tuna mana cewa a galibin motocinmu birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa, to in bayan ka ɗaga, me ya riƙe motar? Ya taka ƙasar da ƙafarsa. Lungunanmu yashi ne, da damina laka, kwalta ma tana laushi a zafin Afrilu, don haka sai an sa faffaɗan katako a gindin jak. Sannan ya sunkuya ya laluba gefen motar har yatsansa su sami ɗan tsagin da kamfani ya yi, bayan tayar gaba ko gaban ta baya, ya ce a nan ake kafawa. Safaya taya kuma ya tura ta kwance ƙarƙashin gefen, ko da wani abu ya kuɓuce. In an gama, ya dafa motar ya girgiza ta da ƙarfi kafin kowa ya shiga. Samari kan yi gunaguni, amma suna fitowa, kuma ni ina ganin da mu duka muna da irin bakinsa da hankalina ya fi kwanciya.

Wani abu da muke yawan yi shi ne kokawa da notin taya bayan an ɗaga, har mutum ya hau sifana yana tsalle. Wannan jijjigar kaɗai ta isa ta ture jak. A sassauta notin tun taya na ƙasa, a ɗaure su sosai bayan an sauke, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa. A fitar da kowa daga cikin motar kafin a ɗaga, a kuma kori yaran da ke jingina da ita suna leƙe, don su ba su san haɗarin ba.

Tunda muna iya haɗa kuɗin gyaran taransifoma da na 'yan sintiri, ƙafafun ƙarfe biyu ko huɗu ba za su gagare mu ba. A ajiye su a shagon mai faci na bakin layi, duk mai aiki ya je ya ara ya mayar.