Gwaggo ba ta tashi da safe, ba ta mutuwa da rana

A farkon shekarar 2022 na sayi Gwaggo. Marsandi ce ƙirar 190, mai shan gazuwal, haihuwar 1989, wato ta girmi uwargidana da shekara biyu. Dillalin da ya sayar mini ya rantse cewa wani tsohon likita ne a Jamus ya riƙe ta, ba ya fita da ita sai ranar Lahadi. Daga baya na gane duk motar da ta taɓa sauka a tashar ruwan Kwatano, ta hawo ta Malanbil da Gaya ta iso Yamai, ta wannan likitan ce. Da alama bawan Allah ba shi da aiki sai tara motoci da jiran Lahadi.

Lissafi na yi kafin in saya, kada a ce garaje ne. A lokacin litar gazuwal sefa 538 ce, ta esansi 540. Ratar ko dala ba ta kai ba, amma malaman fadarmu, inda muke shan shayi bayan isha'i, sun ba ni fatawa biyu: injin gazuwal ba ya sha, lasa yake yi, kuma ba ya mutuwa. Ana shiga Agustan 2022 aka ɗaga gazuwal zuwa 668, aka bar esansi inda yake. Da daddare uwargida ta ajiye mini tuwo ta ce, "Maigida, ribar sefa biyun nan, a banki kake tara ta ko a asusu?" Da aka yi ragi a Yulin 2024 ma, gazuwal ya tsaya a 618, esansi ya gangara 499. Duka biyun daga matatar SORAZ ta Damagaram suke fitowa, amma nawa ne ya zama ɗan sarauta.

Sunan Gwaggo ya samo asali ne daga gaisuwar safe. Injin gazuwal ba shi da tartsatsi irin na esansi. Matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan a fesa mata mai ya kama. In hunturu ya shigo, ƙarfe ya kwana cikin sanyi, sai an jira buji huɗu sun ɗumama mata ciki. Ka murɗa makulli rabi, wata 'yar fitila ta kama, ka naɗe hannu kamar wanda ya je gaida dattijuwa. In ka yi gaggawa ta yi fushi. In biyu daga cikin bujin sun ƙone, kamar yadda nawa suka yi a Janairun farko, sai ta yi tari uku ta koma barci, batir ya bi ta. Daga nan sai turi. Wanda bai taɓa tura Marsandi cikin rairayin Talladje ba bai san nauyin zunubinsa ba. Yaran unguwa har sun tsayar da farashi, dala goma kowane ƙato, kuma na lura tun sallar asuba suke zagaye ƙofar gidana suna yi mini fatan alheri.

Sai garaji. Maigarajina mutum ne mai ilimi, ba na ɗauke masa wannan. Na'urarsa ta bincike dogon sukundireba ce: ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Abin da zai fito daga bakinsa bayan nan shi nake jira da faɗuwar gaba. In ya ce, "Malam, ba komai ba ne," jaka biyar ta isa. In ya ce, "Alhaji, zo mu zauna a inuwa," to in fara tunanin wanda zan ranta a wurinsa. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a garajin nan na yi aikin hajji ya fi sau goma.

Bidanj kaɗai, in an yi shi kan ƙa'ida kowace kilomita 5,000, yana cin baƙin mai lita shida da ɗoriya, da matatar mai, da matatun gazuwal biyu, ƙarama da babba. Matatar iska kuwa ƙurar Yamai ta mayar da ita bulo. Yaron garaji yakan busa ta da kwamfuresa har ya koma fari fat, ya mayar, a rubuta mini kuɗin busa. Kayan gyara iri uku ne: sabo na asali wanda sai dai a ba ka labarinsa, okaziyo na 'yan feraye da aka ciro daga gawar wata motar, da ɗan Sin mai kwali mai kyau. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan 26 ga Yulin 2023, kowane farashi amsarsa guda ce. Wata rana ya ɗaure mini noti ɗaya ya ce jaka biyu.

"Haba maigida, noti ɗaya?"

"Iyaka a rufe take, Alhaji."

"Hannun naka ma ta Kwatano yake zuwa?"

Bai yi dariya ba, ni ma da na biya ban yi ba.

Ba zan tsaya kan ranar da ta tafasa a tsakiyar gadar Kennedy cikin zafin Afrilu ba, da jerin motoci a bayana har Harobanda, ni kuma ina yaga ledojin ruwan sanyi da haƙori ina ɗura mata. Ashe ruwan sanyi a kan inji mai zafi guba ne. Juwan kilas ya tafi, jaka 85 ta bi shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗaurin auren Dosso. Surukina ne waliyyin amarya, ya aiko cewa ni zan kai shi da aminansa biyu. Wannan girma ne, kuma dama ce ta wanke sunan Gwaggo a dangi. Ana gobe tafiya na kai ta aka yi bidanj, aka wanke ta, aka goge tauraron nan na kan hanci har yana ɗaukar ido. Na kwana ina addu'a ta tashi. Da asuba kuwa murɗa ɗaya ta amsa, har yaran unguwa suka watse cikin baƙin ciki.

Tafiyar kilomita wajen 140 ce, kuma Gwaggo ta yi ta kamar amarya. Muka wuce Kure, ƙasar raƙuman dawa, muka wuce Birnin Gaure, ko tari ba ta yi ba. Baba surukina ya shafa kujera ya ce, "Kai, Jamus dai Jamus ne. Yaro, ka iya saye." Wannan yabo shi ya kai ni ya baro. Da muka isa, maimakon in tsaya can nesa inda sauran motoci suke, sai na kutsa har gindin rumfa, dab da tabarmin manya, don kowa ya ga wanda ya kawo waliyyi.

Na murɗa makulli, na zare shi. Inji ya ci gaba da kaf-kaf-kaf.

Na mayar, na murɗa, na sake zarewa. Kaf-kaf-kaf. Baba ya dube ni ya ce, "Kashe ta mana." Na ɗaga masa makullin a tafin hannuna, ban ce komai ba. Ya dubi makulli, ya dubi mota, ya tattara babbar rigarsa ya fita da saurin da ban san yana da shi ba.

Liman ya riga ya zauna, an buɗe goro da dabino. Iska kuma, don ta cika mini aiki, ta kwashi hayaƙin tana kai wa sahun gaba. Dattawa suka fara rufe hanci da bakin rawani. Nan take taron ya rabu gida biyu, masu sauraren liman da masu ba ni shawara, kuma nawa sun fi yawa. Wani ya ce a cire kan batir. Aka buɗe gaba, aka samo sifana, aka cire. Gwaggo ko a jikinta, don tsohon injin gazuwal in ya riga ya tashi ba ruwansa da lantarki. Da mutane suka ga mota ba makulli, ba batir, tana ta aiki, sai da'irar ta ƙara faɗi. Wani tsoho ya tambaye ni a hankali ko mun tsaya ƙarƙashin tsamiya a hanya. Wani ya matso ya yi tofi a kan radiyata.

Sai wani mai kama da direba ya ce, "Shiga ka taka birki, ka sa giya ta huɗu, ka saki ambiriyaji, za ta shaƙe." Shawara ce mai kyau. Ni ne dai hannuna ke rawa, na jefa ta a ta biyu, birkin kuma na ji shi da tauri kamar dutse. Gwaggo ta yi tsalle ɗaya ta hau kan takalman jama'a da aka jere a bakin tabarma. Na ji suna ƙara a ƙarƙashina ɗaya bayan ɗaya kafin in taka ambiriyaji in ja birkin hannu. Maroƙi yana ta ƙoƙarin sanar da sadaki, amma ba mai jin ko jaka nawa ya ce.

Wani yaro ne, bai fi shekara goma sha biyu ba, riga duk baƙin mai, ya ratso tsakanin manyan riguna. Ya leƙa cikin inji, ya sa babban yatsa ya danna wani ɗan ƙarfe a jikin famfon gazuwal, mai jan rubutu STOP. Gwaggo ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Cikin shirun da ya biyo baya, muryar Baba kaɗai aka ji yana tambaya ko akwai wanda zai koma Yamai da rana yana da wuri ɗaya.

Liman ya sake ɗaurin auren daga farko. Da aka shafa fatiha aka zo tafiya, wanda ya cire kan batir ya ɓace da notin a aljihunsa. Mutanen da na murƙushe wa takalma su suka tura ni, wasu da ƙafa ɗaya a sanye, kuma ban taɓa ganin turi mai ƙarfi da ikhlasi irin wannan ba.

Washegari maigaraji ya kafa sukundirebarsa, ya lumshe ido, ya ce, "Alhaji." Aka canza mazaunin makulli, jaka 25. Ba ta mutu ba. Aka ce famfon iska ne, aka samo okaziyo, jaka 60. Ba ta mutu ba. Mako biyu ina yawo a Yamai, duk inda na tsaya sai in fito in buɗe gaba in danna, a ofis, a masallaci, a Katako, a bakin Babbar Kasuwa. Wani jami'i ya tsayar da ni a shingen bincike ya ce in kashe mota, ya ga na ɓalle ƙofa na nufi hancinta da sauri, sai da ya ja da baya taku uku.

A ƙarshe ƙaramin yaron garajin ne ya gano, ran da maigidansa ya tafi jana'iza. A irin waɗannan Marsandi, makulli ba wuta yake yankewa ba. Hanya yake buɗe wa iska mai tsotsa, ta bi wani siririn tiyo ta ja ƙarfen nan na jikin famfo, gazuwal ya yanke. Iskar nan ce kuma ke taimakon birki, shi ya sa ya yi mini tauri a Dosso. Wata 'yar roba mai haɗa tiyon, tsawonta bai kai yatsa ba, ita ce ta tsage, kuma yaron ya rantse mini da ƙaramar murya cewa gwiwar hannun maigida ce ta taɓa ta ranar bidanj, hanya ta ƙarasa ta. Kuɗinta dala ashirin. Na ba shi jaka guda, na roƙe shi ya buɗe garajinsa da wuri.

Akwai littafin 'yan lokol da nake rubuta kowane gyara a ciki tun ranar farko. Kuskurena da na bar shi a kan tebur. Uwargida ta zauna da wayarta ta tara: miliyan 2 da jaka 140 cikin shekara uku, ban da gazuwal, ban da inshora, binyet da bizit. Motar kuwa miliyan 1 da jaka 800 na saye ta. Ta rufe littafin ta ce, "Maigida, ashe gidan da maigaraji ya yi wa rufin kwano, namu ne." Da na gaya wa maigarajin zan sayar da Gwaggo, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya riƙe hannuna ya ce irin wannan inji ba a sake yin sa, in yi haƙuri, sauran gyara kaɗan ta zama sabuwa.

Duk da haka na sa ta a kasuwa. Takardunta cikakku ne, tana mutuwa da makulli yanzu, kuma an sa mata buji huɗu sababbi, biyu daga ciki suna aiki. Mai so ya same ni a Talladje bayan azahar, kada ya zo da safe. Ta wani tsohon likita ce a Jamus, ba ya fita da ita sai ranar Lahadi.