Masassarar Mota a Damina

Fizgar inji bayan ruwan sama cuta ce da ke kama motocin Daura daga Yuni zuwa Satumba, ta fi tsanani a Agusta. Alamunta sanannu ne: mota ta taso lafiya lau daga kasuwar Mai'adua, ta ratsa kududdufi, sai ta kama kakkarwa, a taka totur ta yi tari.

Sanadin dai danshi ne. Wutar da kwayil ke aika wa fulogi tana haura bolt 10,000, amma ragguwa ce: in ta sami tsagaggiyar waya jiƙaƙƙiya, nan take sulalewa jikin inji, silinda guda ta zauna ba aikin fari balle na baƙi. Shi ya sa bakanike ke buɗe bonet a duhu, ya ga inda tartsatsi ke tsalle. Daga nan a zare wayoyi, a leƙa ramin fulogi, a taɓa matatar iska. In duk a bushe suke, sai a tuhumi man bumburutu.

Mai mota kuwa ya fi zargin sammu. Sau da yawa rana na ƙwallewa motar ke warkewa da kanta, bakanike kuma ya karɓi kuɗin aikinsa cif.