Yadda Injin Wankel Ke Shaƙewa da Fetur, da Gudunmawar Mai Jirgi a Ciki

Inji kan shaƙe ne idan fetur ya yi yawa a ɗakin ƙonewa har ya jiƙe fulogi, wuta ta kasa kamawa. A ƙa'ida, kilo ɗaya na fetur na bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Inji mai sanyi kan nemi ƙarin mai a kan haka, amma akwai iyakar da idan aka wuce ta, ko tartsatsi dubu aka ba shi ba zai tashi ba. Kowane injin fetur na iya shiga wannan hali. Sai dai injin Wankel da aka ciro daga motar Mazda aka ɗaura wa jirgin sama na haɗin gida ya yi suna a fagen, domin abu biyu sun haɗu a kansa: yanayin ƙirarsa, da kuma mai shi.

Felix Wankel, injiniya ɗan Jamus, shi ya ƙirƙiro injin tare da kamfanin NSU, kuma samfurin farko ya yi aiki a 1957. Mazda ta Japan ce ta riƙe shi da gaske, daga Cosmo Sport a 1967, zuwa RX-7 a 1978, zuwa RX-8 a 2003. Ba shi da fistin, ba shi da bawul. Abin da ke ciki ƙarfe ne mai kusurwa uku, rota, da ke zagaya cikin wani gida mai ɗan ƙugu a tsakiya. Kowace fuska ta rota ɗakin ƙonewa ce, kuma a tsinin kowace kusurwa akwai siririn sil na ƙarfe da ke gogar bangon gidan, shi ke hana matsi tserewa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Samfurin 13B na da rota biyu, kowace cc 654, jimla 1,308. Kowace rota na da fulogi biyu, na ƙasa mai alamar L da na sama mai alamar T, da nozul biyu masu fesa mai: na farko da ke aiki koyaushe, da na biyu da ke shigowa idan aiki ya yi nauyi.

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirgi a garejinsa ya tashi da shi, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa. Masu wannan sha'awa na da ƙungiya, EAA, da aka kafa a 1953, kuma duk shekara suna cika garin Oshkosh na jihar Wisconsin. Yawancinsu injin Lycoming suke sawa, wanda tun asali don jirgi aka yi shi. Wasu kuwa kan duba farashinsa, su duba na tsohon injin RX-7 a wurin 'yan gwangwan, sai su gano cewa tun fil'azal su masoya Wankel ne. Hujjarsu ba ta banza ba ce: injin ƙarami ne, ba ya jijjiga, sassansa masu motsi kaɗan ne. Amma yana son juyi wajen 6,000 a minti, farfela kuwa ba ta son wuce 2,700, don haka sai an sa giya a tsakani. Sai an sa lagireto. Sai an yi sabon bututun iska. Sai kuma an cire ƙwaƙwalwar injin ta Mazda an sa wata da mai jirgi zai saita da kansa, ya ja mata wayoyi da kansa, cikin dare, bayan ya taso daga aiki. A nan ne tarihin shaƙewa ke farawa.

Sil ɗin kusurwa ba ya riƙe matsi shi kaɗai, sai da taimakon ɗan maiƙon da ke shafe a bangon gida. A mota, wani ƙaramin famfo ne ke ɗiga baƙin mai a ciki. Masu jirgi da yawa kan cire famfon su haɗa man injin tu-sitirok cikin fetur, wajen oza ɗaya a kowace galan, kamar dai yadda ake yi wa ƙaramin janareton gida. To, fetur mai yawa wanke maiƙon nan yake yi. Maiƙo ya tafi, matsi ya faɗi. Matsi ya faɗi, wuta ba ta kamawa. Wuta ba ta kama ba, amma ƙwaƙwalwar inji na ganin ana juyawa, sai ta ci gaba da fesa mai cikin biyayya. Ma'ana, kowane kik da aka ƙara bayan na uku ko na huɗu aikin ɓarna ne. Hanya mafi sauƙi ta jawo wannan ita ce a tada inji da sanyi a kashe shi kafin ya yi zafi, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ba shi mai da yawa. Masu RX-8 sun san haka sarai: a fitar da mota daga gareji don a share ƙasa, a kashe, washegari ta ƙi tashi. Mai jirgi kuwa yakan yi hakan ne don baƙi. Suruki ya zo, ana so ya ji ƙarar abin da ya cinye kuɗin gyaran kicin, sai a tada na daƙiƙa ashirin, a kashe, a karɓi yabo.

Alamomin sukan zo a jere. Da fari inji kan yi tari ɗaya ko biyu kamar zai kama, abin da mai jirgi ke ɗauka alkawari ne. Daga nan sautin kik ya canza: farfela na juyawa da sauri da santsi, babu wata turjiya. Wannan alamar rashin matsi ce, amma ga kunnen mai fata tana kama da ci gaba. Sai warin fetur ya cika rumfar jirgi, sai salansa ta fara ɗiga. A wannan gaɓa ne maƙwabta kan iso, galibi dattawa masu Lycoming, hannu a aljihu. Ɗaya zai ce inji bai samu mai ba ne. Mai jirgi, da ke tsaye cikin tafkin fetur, yakan karɓi wannan shawara, ya murɗa makunnin ƙarin mai, ya sake yin kik har batir ya fara nishi. Batir mai rauni na rage saurin juyawa, kuma Wankel ya fi injin fistin jin jiki da hakan, domin a juyi a hankali matsi na samun lokacin silalewa ta gefen sil. Yanzu cuta ta zama biyu.

Maganin gaggawa ba shi da wuya. A RX-8, taka totur har ƙasa yayin kik na sa ƙwaƙwalwa ta yanke mai. A jirgin haɗin gida wannan dabara na aiki ne kawai idan mai jirgi ya saita ta, kuma yawanci ranar da ya shaƙe ne yake fara jin labarinta. Abin da ya rage shi ne a kashe famfon mai, a yanke wutar nozul, a buɗe totur, a yi kik na daƙiƙa goma, a bar kik ya huta ya huce, a sake. Idan bai isa ba, a cire fulogin ƙasa, a yanke wutar koyil gaba ɗaya, a juya inji ya tofar da abin da ya sha. Yanke wutar koyil ba ƙawa ba ce. Hazon fetur ne ke fitowa ta ramukan, kuma wayar fulogi da ke lilo kusa da su na iya gajarta aikin da ma girar mai aikin. Ana yin wannan a fili, an ɗaure jirgi, an sa wa tayoyi waigi, ga abin kashe gobara a kusa, kuma babu mai tsayawa kusa da farfela, har da masu ba da shawara. Bayan haka a zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai ta kowane ramin ƙasa, a juya a hankali ya shafe bango, a sa busassun fulogi. Idan ya kama, hayaƙin da zai biyo baya kan rufe rumfuna uku, kuma man da ya taru a salansa kan fita da ƙara guda da ke sa dattawan su tuna suna da wani uzuri. Ya kamata a sansana baƙin man inji ma, domin fetur kan zurara ciki, kuma idan ya yi wari sai an juye.

Wannan duk share hawaye ne. Injin da ya sake shaƙewa ba tare da an kashe shi da sanyi ba na da dalili, kuma akwai tsarin da ake bi a nemo shi. A fara da makunnan gaban matuƙi, domin wasu na'urorin na da makunnin sanyi da ke ƙara mai sosai, kuma ana mance shi a kunne. Sai agogon matsin mai. A kunna famfo, matsi ya hau wajen psi 40, a kashe a zuba ido. Idan allura ta faɗi nan take, akwai inda mai ke zurarewa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma shi ne nozul da datti ya hana rufuwa. Ana ciro su a manne da bututunsu, a sa matsi, a ga mai ɗiga. Sai ƙaramin tiyon da ke tafiya daga bututun iska zuwa na'urar daidaita matsin mai: a zare shi, idan da fetur a ciki, fatar na'urar ta yage, inji na zuƙar mai ta bayan fage. Sai na'urar auna zafin ruwa. Idan wayarta ta tsinke, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ana sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, ta shayar da inji daidai da haka, ko da jirgin na tsaye a Arizona ne cikin watan Yuli. Haka ma tiyon na'urar auna matsin iska: idan ya zame, ƙwaƙwalwa na ganin totur a buɗe yake gaba ɗaya alhali inji na silo.

Wayoyin nozul na da nasu tarko. Wuta na zuwa musu kai tsaye ta ƙafa ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma na buɗe su ne ta hanyar haɗa ɗaya ƙafar da bodi. Idan wannan waya ta goge ta taɓa ƙarfe, nozul zai zauna a buɗe muddin makulli na kunne. Akwai kuma batun girma. Nozul mai cc 550 da mai cc 850 duk ana samun su a zuriyar RX-7, kuma wanda ya sa babba inda ƙwaƙwalwa ke zaton ƙarami ya ƙara wa inji fiye da rabin abincinsa ba tare da ya sani ba. Matsin inji da sil ɗin kusurwa su ne na ƙarshe a jerin.

A aikace, ana bin jerin ne daga ƙasa zuwa sama. Mai jirgi kan fara da zargin sil, ya kwana yana lissafin kuɗin farke inji. Sai ya sayi sababbin nozul huɗu. Sai ya cire ƙwaƙwalwa ya aika wa wanda ya ƙera ta, tare da wasiƙa mai zafi, ta dawo bayan makonni da takarda cewa lafiyarta ƙalau. Tiyon da ya zame, wanda kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba, yakan bayyana ne lokacin da sifana ta faɗa bayan inji aka sunkuya ɗauko ta.

Bayan gyara, ana ɗaure bakin kowane tiyo, a raba wayoyi da duk wani ƙarfe mai kaifi, a sa makunni na musamman da ke yanke nozul. Masu gogewa kan kashe inji ne da wannan makunni ko na famfo, don ya ƙone abin da ya rage a ciki, kuma ba sa kashe shi sai ruwa ya yi zafi, ko wane ne ya zo kallo. Daga nan sai gwajin sama. Hukumar FAA, mai kula da sufurin sama a Amurka, kan ɗora wa jirgin da ke ɗauke da injin mota awa 40 na tashi a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja, maimakon awa 25 na mai inji da farfela masu takardar shaida, kuma awannin da aka shafe ana kik a bakin rumfa ba sa cikin lissafi.